Ranar da Na Koya wa Layinmu Faɗuwa

Ni mai gyaran kujeru ne. In kushin ɗinka ya lotsa, ko sifirin ya fara cizon baƙi a mazaunai, wurina ake kawo shi, in yaye yadin, in canja soso, in mayar maka da shi kamar sabo. Shagona yana tsakiyar layi, Mai Aski a damana, Tela a haguna. Ba wanda yake kirana da sunana na gaskiya a layin nan. Tsayayye suke ce mini. Ni na raɗa wa kaina sunan, na yi ta maimaita shi har mutane suka gaji suka karɓa.

Lafiyata nake taƙama da ita. In Tela ya ce bayansa na ciwo, sai in ce masa ni ban ma san inda baya yake ba. In Mai Aski ya yi atishawa, in leƙa in yi masa jaje kamar an yi masa rasuwa. Na sha gaya musu cewa da ina saurayi, daga kwance nake tashi tsaye da tsalle ɗaya, hannuna bai taɓa ƙasa ba. Babu wanda ya gani, amma kowa ya ji labarin har ya haddace.

A bayan shagunanmu akwai wani sito da ya daɗe a rufe, da farfajiya mai siminti a gabansa. Wata rana Mai Shaguna, dattijon da muke haya a wurinsa, ya zo zagaye da sandarsa, ya ce ya gaji da ciyar da ɓeraye a siton nan, zai ba da makulli ga duk wanda ya kawo abin da zai amfani layi. Kafin ya rufe baki Mai Aski ya ce shi yana so, zai ƙara kujeru ya sa wurin wanke kai. Ni ban taɓa sha'awar siton ba, amma da na ji Mai Aski yana so, nan take na ji ba abin da nake buƙata a duniya kamarsa.

"Ranka ya daɗe," na ce, "ni wurin motsa jiki zan buɗe. Dubi mutanen layin nan, duk sun ruɓe a zaune. Kowace safiya zan tara su in gyara su."

Mai Aski ya dakata da almakashi a hannu, ya dube ni daga sama har ƙasa, sannan idonsa ya dawo tsakiya ya tsaya.

"Kai? Da wannan tumbin? Kai fa in za ka shigo shagona tumbinka ke fara yin sallama, sai an jima kake isowa."

"Wannan ba tumbi ba ne, ma'ajiyar ƙarfi ce."

"To ai tunda nake ban ga an fitar da komai daga ma'ajiyar ba, shigarwa kawai ake yi."

Mai Shaguna ya yi dariya har ya dafa bango. Ya ce shi ma likita ya daɗe yana damunsa da zancen motsa jiki. In tara masa mutane ranar Asabar ta ƙarshen wata, shi da kansa zai zo ya shiga sahu. In ya gamsu, makulli nawa ne. In bai gamsu ba, na Mai Aski.

Da na koma shago na tsaya gaban wani tsohon madubi, na juya gefe, sai na ga maganar Mai Aski ba duka ce ƙarya ba. Dole tumbin nan ya tafi kafin ƙarshen wata. Na zauna na yi tunani irin na manya, na gano cewa tumbi ba komai ba ne illa ruwa. In aka hana ruwa shiga, aka kori wanda ke ciki, magana ta ƙare.

Washegari na daina shan ruwa sai kurɓi ɗaya in maƙogwaro ya matsa. Na gaya wa matata ta daina sa mini gishiri a abinci. Na sayi rigar ruwa ta leda, na sa ta a ƙarƙashin rigar aiki, ana tsakiyar zafin da ko ƙadangare ba ya son fita. Gumi ya riƙa bin ƙafafuna yana taruwa a takalmi, in na taka sai ka ji caɓal caɓal.

Sai kuma na lura da Tela. Yini yake yi yana zarya tsakanin keken ɗinki da bayan gida, wandonsa kuma ya yi masa yawa har ya ƙara huda a bel.

"Tela, me kake sha ne haka kake ramewa?"

"Maganin hawan jini ne likita ya ɗora ni a kai. Ba abin da yake sa ni sai fitsari. Duk ruwan jikina ya tsiyaye."

Na ji kamar an buɗe mini ƙofa. Na gyara murya, na ce masa ai kawuna ma irin ciwon ke damunsa, ga shi can a kwance ba mai saya masa magani. Tela mutum ne mai tausayi. Ya buɗe aljihun keke ya ɗauko ragowar ƙwayoyin da suka rage masa, ya ce ɗaya ake sha da safe, kuma lallai a kai kawu asibiti a duba shi. Na yi godiya a madadin kawu. Da na koma shago na auna jikin Tela da nawa a raina, na ga in shi ɗaya ta ishe shi, ai mutum irina sai biyu.

Cikin 'yan kwanaki bel ɗina ya matsa gaba. Na riƙa wucewa ta gaban shagon Mai Aski ba dalili, ina shafa ciki.

Abin ya fara ne ranar da wata malamar makaranta ta zo karɓar kujerunta. Ina tsugune ina buga ƙusa ta ƙarshe a ƙasan doguwar, ta yi sallama, na miƙe da sauri don in nuna mata kuzari. Sai na ga an kashe wutar duniya. Kunnuwana suka ɗauki ƙara, ƙirjina ya matse kamar an ɗaure shi da igiya, na buɗe baki ina neman iska amma iskar ta tsaya a maƙogwaro ta ƙi wucewa. Abin da na sani kawai, fuskata ta nutse cikin kushin, ƙafafuna suna waje.

"Subhanallahi! Malam, lafiya?"

Ina kife a wurin sai na ji hasken yana dawowa, numfashi ya fara shiga. Na ɗago kai a hankali.

"Gwaji ne, Malama," na ce ina haki. "Ba na sakin kujera sai na faɗa mata da dukkan nauyina. In ta ɗauke ni, za ta ɗauki kowa."

Ta riƙe haɓa. "Kai, amma ka iya aiki. Wanda ya yi mini a baya ko zama bai yi a kai ba. To don Allah gwada sauran biyun ma."

Haka na tashi a daddafe na faɗa kan ta biyu, na tashi na faɗa kan ta uku, tana tsaye tana gyaɗa kai. Da na waiwaya, ga Mai Aski a bakin ƙofa da tawul a kafaɗa.

"Tsayayye," ya ce, "in ka gama, akwai wani benci a shagona na katako zalla, shi ma yana son gwaji."

A gida abin ya fi muni, musamman da safe. In na sauko daga gado sai ɗaki ya juya, in yi ta jan numfashi kamar wanda ya hau bene da buhu a ka. Wata safiya matata ta shigo ta same ni rungume da ƙyauren ɗaki, kumatuna manne da katako.

"Baban yara, me kake yi da ƙofa?"

"Ina sauraren ko gara ta shiga."

"Hakin fa? Kamar wanda kare ya koro."

"Sabon salon numfashi ne. Ba za ki gane ba, na masu horo ne."

"Ba ka shan ruwa, ba ka cin gishiri, ka yini a cikin leda kamar kifin da aka sayo daga kasuwa. Leɓɓanka sun tsage. Ni dai ban shirya zaman takaba ba saboda siton ɓeraye."

Da yamma na dawo na tarar ta kira ƙanwarta, wadda take aikin jinya a asibiti. Tana zaune a falo da na'urar awon jini a cinya, fuskarta irin ta wadda ba ta zo hira ba.

"Yaya, kwanta," ta ce.

"Ni da kika gani ba na kwanciya da rana."

"Yau za ka fara."

Na kwanta a doguwar kujera, ta naɗa mini abin a dantse, ta matsa, ta duba. Ta ce to, yanzu in tashi tsaye. Na tashi ina murmushi don in kunyata su. Murmushin bai kai ko'ina ba. Duhu ya taso daga gefen idanuna, numfashina ya sarƙe, na miƙa hannu na dafa bango.

"Fentin nan ya fara tashi," na ce da ƙyar.

Ba ta kula ni ba, ta sake matsa na'urar ina tsaye. Da ta duba sai ta kama kafaɗata ta zaunar da ni.

"Yaya, jininka sauka yake yi in ka miƙe, kuma ba kaɗan ba. Kowa in ya tashi tsaye jini yakan gangara ƙafafu, sai jiki ya yi maza ya turo shi sama. Kai ka busar da jikinka, babu isasshen abin turawa. Kanka ba ya samun rabonsa, shi ne duhun da jirin. Zuciya ta hau gudu tana neman cike giɓi, shi ne hakin da kake yi. Wata rana ba kushin za ka faɗa wa ba."

Ashe labarin kushin ya riga ni zuwa gida.

"Kana shan wani magani?" ta tambaya.

"Ni? Magani? Ko na ciwon kai ban san ɗanɗanonsa ba."

Ta cire mini na'urar daga dantse. Sannan ta ce in cire ledar nan, in sha ruwa, in riƙa tashi a hankali, gobe kuma in je likita ya duba ni da kyau, don irin wannan numfashin ba a wasa da shi. Batun Asabar kuwa, in manta.

Na ce mata na ji. Kuma na ji ɗin, sai dai abin da na tsinta daga bayaninta daban ne. Ta ce matsalar a tashi take. To wanda bai zauna ba, ina zai tashi? Na yi mamakin yadda mutum zai yi shekaru yana karatun jinya bai gano wannan ba.

Daga ranar na daina zama. Na ɗora kujerun gyara a kan tebur ina aiki a tsaye. Na ci abinci a tsaye. Baƙo in ya zo shago, ga kujeru har bakin ƙofa, amma sai mu yi hira a tsaye kamar masu jiran mota. Tela ya tambaye ni ko maruru ne ya fito mini a wurin zama. Na ce masa horo ne. Ƙafafuna suka yi nauyi, kaina yana yawo kaɗan kaɗan, amma in na jingina da bango ba wanda yake ganewa.

Asabar ta zo. Na sha ƙwayoyina biyu don ƙarasa abin da ya rage na tumbi, na ɗaura leda, na ɗora sabuwar rigar wasanni, na rataya usur a wuya. Da na isa farfajiya sai na ga jama'a sun fi yadda na zata. Ga mai gyaran waya, ga mai sayar da fenti, ga mai wanki da guga, ga matan da ke shagon kitso sun tsaya daga baya. Tela ya zo da wandon da ya ɗinka musamman. Mai Shaguna ya ajiye sandarsa ya tsaya a sahun gaba, makullin sito yana lilo a wuyansa. Mai Aski ma ya zo, ya tsaya kusa da shi yana murmushin da ban so ba.

Na busa usur.

"Jama'a, doka ɗaya ce a nan. Duk abin da kuka ga na yi, ku yi. Ba tambaya, ba gardama. In na ɗaga hannu, ku ɗaga. In na tsaya, ku tsaya. Kun ji?"

"Mun ji!"

Muka fara. Muka ɗaga hannu, muka sauke. Muka juya kafaɗa. Muka karkata dama, muka karkata hagu. Duk abin da za a iya yi a tsaye ba tare da an sunkuya ba, na sa su suka yi. Mai Shaguna yana ta nishi yana cewa madalla. Na fara jin ƙamshin makulli.

Sai Mai Aski ya ɗaga hannu, ba irin ɗagawar da na koyar ba.

"Malam, na ce ba tambaya," na ce.

"Ba tambaya ba ce, roƙo ne. Ni na gani a talabijin ana kwanciya a ƙasa a yi na ciki. Ko makarantar taka ba ta kai nan ba?"

"Wannan sai an yi nisa."

"A'a," in ji Mai Shaguna yana shafa cikinsa, "ni fa don na cikin na zo. Hannuna lafiyarsa ƙalau. A yi mana na ciki."

Na dubi simintin, na dubi makullin. Na busa usur, na sauka a hankali, na miƙe rigingine. Jama'a duka suka bi ni.

Wallahi tunda aka haife ni ban taɓa jin daɗin kwanciya irin na wannan lokacin ba. Kaina ya washe, ƙirjina ya buɗe, iska ta riƙa shiga har ƙasan ciki. Sai kuma na tuna cewa duk wanda ya kwanta, akwai tashi a gabansa. Nan na yanke shawarar ba za mu tashi ba.

Muka ɗaga ƙafar dama. Muka ɗaga ta hagu. Muka tuƙa keke a iska. Da na ga dabaru sun fara ƙarewa, na sa su juya wuya. Na sa su motsa yatsun ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Na sa su buɗe ido su rufe, na ce wannan yana ƙarfafa gira. Rana ta hau, siminti ya fara ɗaukar zafi. Mai sayar da fenti ya fara minshari.

"Tsayayye," in ji Mai Shaguna daga kwance, "bayana ya fara gasuwa. Yaushe za a tashi?"

"Saura na kunne, ranka ya daɗe."

"Kunnen nan a bar shi sai gobe," in ji Mai Aski. "Jama'a, ku ba ku so ku ga tashin nan da ake ba mu labari shekara da shekaru? Daga kwance zuwa tsaye, tsalle ɗaya, hannu bai taɓa ƙasa ba?"

"Muna so!" Har matan kitso suka amsa daga baya, suna tafi.

Da mai hankali ne a wurina, da ya ce ya tsufa. Ni kuwa na cusa usur a baki, na tattaro duk abin da ya rage a jikina, na yunƙura. Ba tsalle ɗaya ba ne, kuma hannu ya taɓa ƙasa, har gwiwa ma ta taɓa, amma dai na miƙe da sauri. Jama'a suka miƙe tare da ni.

Na ɗaga hannu sama don karɓar tafi. Suka ɗaga nasu.

Sai duhun ya zo, wannan karon da iyalansa. Ƙirjina ya kulle. Na hau jan numfashi da ƙarfi, usur yana bakina, yana ta fii, fii, fii. Ta cikin hazo na ga jama'a sun buɗe baki suna haki tare da ni, a kan kiɗan usur. Na yi taga-taga zuwa dama, sahu duka ya yi dama. Na dawo hagu, suka dawo. Na miƙa hannu ina laluben abin kamawa a iska, hannaye suka cika farfajiya suna lalube. Ina so in ce musu ku taimake ni, usur ya ce fiii. Gwiwoyina suka lanƙwashe, na zube.

Sauran labarin ba da ni aka yi shi ba, daga baya aka ba ni, kuma kowa ya ba ni da ƙari. An ce layinmu gaba ɗaya ya zube kamar an sare shi. Mai wanki da guga ya faɗa kan mai gyaran waya. Mai Shaguna, da shekarunsa, ya saki jiki ya tafi ƙasa har gwiwar hannunsa ta bugu da siminti. Suka kwanta shiru, ido rufe, baki buɗe, kamar yadda malaminsu ya yi. An ce Mai Shaguna ya yi magana ƙasa ƙasa ya ce wannan na ƙarshen yana da wuya amma yana jin aikinsa a jiki.

Tela ne ya fara buɗe ido ɗaya.

"Jama'a, malam fa ba ya motsi."

"An ce ba tambaya," in ji mai gyaran waya.

Mai Aski ne ya rarrafo ya cire mini usur daga baki, ya ga leɓɓana sun yi fari. An ce ihun da ya yi har titi an ji. Nan fa wuri ya hargitse, kowa ya zama likita. Wani ya ce a yi fifita, wani ya ce a kawo albasa a shaƙa mini, wata daga matan kitso ta ce iska ce ta buge ni don siton nan dama ba a banza aka rufe shi ba. Ƙarshe suka haɗu a kan cewa mutumin da ya faɗi, tayar da shi ake yi. Ƙarti suka kama ni ta hammata suka tsayar.

A kwancen na fara dawowa hayyacina. Na buɗe ido na ga fuskoki, na ce, "Ku ci gaba, saura na..." Da suka tsayar da ni sai na sake tafiya, na zame daga hannunsu kamar jiƙaƙƙen tsumma. Suka sake ɗagawa, na sake zamewa.

"Hawan jini ne!" in ji Tela, yana laluben aljihu. "Na san alamarsa. Ga maganina, a buɗe bakinsa!"

"Duk wanda ya sa masa wannan a baki, sai na kai shi ƙara!"

Ƙanwar matata ce. Ashe ita da yayarta suna tafe tun da suka ga na fita da usur. Ta ratsa mutane, ta ce a kwantar da ni, a ɗaga ƙafafuna sama, a matsa a ba ni iska. Ba a sami abin ɗora ƙafa ba, sai Mai Aski ya durƙusa ya ɗora su a kafaɗunsa. Ta taɓa ƙirjina ta ji ƙarar leda, ta ce a kawo almakashi. Mai Aski ya zaro nasa daga aljihu ya miƙa. Ta tsarge sabuwar rigar, ta tsarge ledar, gumin da ya taru ya kwararo kan siminti kamar an fasa randa.

Lokacin ne na farfaɗo sosai. Na ga sararin sama, na ga takalmana a gefen kunnuwan Mai Aski, na ga tumbina a buɗe gaban duk layi, kuma yana nan daram, ko rabi bai tafi ba.

Ƙanwar matata ta karɓi ƙwayoyin daga hannun Tela ta duba.

"Wannan ai mai saukar da jini ne, ga fitar da ruwa. Da ka ba shi, da ka ƙarasa shi."

"To ai irinsa na ba shi kwanaki," in ji Tela, "ya kai wa kawunsa."

Matata ta ajiye gorar ruwan da ke hannunta.

"Wane kawu?"

"Kawunsa da ke kwance, ba mai saya masa magani."

"Kawunsa ɗaya ne a duniya, kuma ya rasu tun kafin a yi aurenmu."

Na rufe ido na yi ƙoƙarin sake suma, amma a kwance da ƙafafu a sama abin ba ya yiwuwa.

"Yaya," in ji ƙanwar matata, "guda nawa kake sha?"

"Ɗaya," na ce. Matata ta matso. "Ɗaya... da 'yar'uwarta."

Tela ya ɗora hannu a ka yana salati. Mai Shaguna yana zaune yana murza gwiwar hannu, ya ce, "Wato faɗuwar nan da na yi, ba ta cikin darasi?"

"Tana ciki, ranka ya daɗe," in ji Mai Aski daga tsakanin ƙafafuna. "Ita kaɗai ce ma malamin ya ƙware a kai."

Dariya ta ɓarke, har waɗanda suka ji ciwo suna yi. Amma Mai Aski bai sauke ƙafafuna ba har aka kawo mota.

A asibiti aka ɗaura mini ruwa, aka duba zuciya aka ce lafiyarta lau, ni ne dai na tsotse kaina. Likita ya yi mini faɗa, ƙanwar matata ta ɗora, matata ta karɓa daga inda suka tsaya ta ci gaba har gida. Makulli kuwa tun a farfajiya Mai Shaguna ya cire shi daga wuya ya rataya wa Mai Aski.

Yanzu na warware, gorar ruwa ba ta barin gefena. Sai dai likita ya ce jikina zai ɗan jima kafin ya daidaita, don haka ya koya mini yadda ake tashi. In ina zaune, sai in fara motsa ƙafafu, in matsa bakin kujera, in ɗan jira, in dafa tebur, in miƙe rabi, in sake jira, sannan in ƙarasa. Ba na tsallake ko ɗaya, don matata ta sa Tela ya riƙa leƙo ni.

Rannan da la'asar ina zaune ina yanka soso, Mai Aski ya leƙo da fuskar mutunci.

"Tsayayye, Mai Shaguna ya kira taro gobe da safe a kan maganar kwata."

"To sai goben. Me ya kawo ka tun yau?"

"Na ce bari in gaya maka da wuri, don ka fara tashi tun yanzu."

Ya juya ya fita. Raina ya ɓaci, na rarumi guduma, na rantse yau sai na bi shi har shago. Na motsa ƙafafu. Na matsa bakin kujera. Na jira. Na dafa tebur, na miƙe rabi, na sake jira. Kafin in ƙarasa miƙewa in isa ƙofarsa, ya aske rabin kan wani mutum, ni kuma fushin ya huce a hanya, na tsaya a bakin ƙofa da guduma a hannu.

Ya ɗago ya dube ni ta madubi.

"Sannu da hanya," ya ce. "Ya ka baro mutanen gida?"